Yadda Ake Kunna Moto Da Kashe Shi Da Tafi

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin makirufo mai ƙafa biyu, transista BC547 guda biyu, NE555 (guntun lantarki mai auna lokaci), CD4017 (guntun lantarki mai ƙirga tafi), riley mai aiki da volt 5 (makunnin da wuta ke ja, shi ne zai kunna moton), dayod 1N4007, resista da kafasita, da ƙaramin moto mai amfani da batir. Ana iya ciro makirufon daga tsohuwar rediyo mai ɗaukar magana, ba sai an saya ba.

Da farko a ba makirufon wuta ta resista 10k, sannan a kai siginarsa zuwa transista ta farko ta kafasita 100nF, domin ta ƙara mata ƙarfi. Daga nan sai ƙafa ta 2 ta NE555, wadda ke tashi da zarar wutar da ke kanta ta faɗi ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na wutar batir.

A nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Kunnen mutum yana jin tafi sau ɗaya, amma makirufo yana ɗaukarsa a matsayin girgiza masu yawa a jere, don haka idan aka tsallake NE555 moton zai kama ya mutu a lokaci guda. A sa resista 100k da kafasita 10µF a ƙafa ta 6 da ta 7 na NE555, wanda zai sa da'irar ta yi kunnen uwar shegu da duk wani sauti na kimanin daƙiƙa 1.1 bayan kowane tafi. Ban yarda a rage wannan lokaci ba.

Ko an yi haka, akwai sauran rina a kaba, domin moton da kansa yana ƙara, kuma gawayin da ke cikinsa yana tartsatsi wanda ke bin waya ya rikita CD4017. Za ka ga riley yana ƙas-ƙas ba wanda ya tafa. Maganinsa shi ne a ba moton batirinsa daban, a liƙa kafasita 100nF da dalma a kan ƙafafun moton biyu, kuma a nisanta makirufon daga gare shi, kada su zauna a kan katako ɗaya.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Ƙafa ta 3 ta NE555 ta tafi ƙafa ta 14 ta CD4017, a kan CD4017 ɗin a haɗa ta 4 da ta 15, ta 13 kuma ta tafi nagatif. Ƙafa ta 2 ta CD4017 ce za ta tura transista ta biyu ta resista 1k, ita kuma ta ja riley. Lallai a gicciya dayod a kan nadin riley, zoben jikinsa na kallon fozitif, in ba haka ba transistar za ta ƙone.

Kada mai koyo ya kai wutar gida mai volt 230 kan wannan riley sai tare da ƙwararren mai gyaran lantarki.