Yadda na raba gonata da darbejiya ba tare da buldoza ba

Shekara huɗu ban noma gonar gadonmu ba, darbejiya da sabara suka cinye ta. Da farko na sa yara da adda da gatari, suka sare komai tas. Ruwan farko na sauka, kowane kututture ya tofo kamar an ba shi taki.

Aka ce in ɗauko buldoza. Na je na ga gonar da ta yi wa aiki: ta kwashe ƙasar sama mai albarka, ta bar jar ƙasa tauri kamar daɓe. Na ce a kai kasuwa.

Sai na yi hayar injin zarto. A nan ma na yi wauta, na riƙa yanka daf da ƙasa, yashi ya dakushe haƙoran sarƙar kafin azahar. Wani dattijo makwabcin gona ya dube ni ya ce, "Yaro, bar wa itacen tsayi zuwa ƙugu, ka sami abin kamawa."

Haka na yi. Mu tone gindin da diga, mu datse saiwoyin gefe da gatari, mu ɗaura sarƙa a saman kututturen, tarakta ta ja a hankali sai ya tuge. Sabara kuwa diga kaɗai ta ishe ta.

Gawo uku na bari. Da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa ma ya fi ko'ina yabanya.