Darasi na 9: Allurar Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro

An fara yi wa yara wannan allura a Najeriya a watan Disamba na 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa. Sunanta R21. Kyauta ce, kuma sau huɗu ake yin ta: yaro yana wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe yana wata 15. Tsakanin allura da allura a ukun farko, sai an sami aƙalla mako huɗu.

Iyaye da yawa sukan kai yaro a yi ta farko. Matsalar tana wajen komawa. Uwa ta saba da rigakafin mako 14, daga nan sai na ƙyanda a wata 9. Zuwan wata 5 da na wata 7 sabo ne, ba ya cikin lissafinta. Ga nisa, ga kuɗin mota, ga aikin gona idan damina ta faɗi. Wata kuma maigida ya yi tafiya cin rani bai bar izini ba. Shi ya sa muke cewa maigida ya ba da izinin duka huɗun tun rana ɗaya, ya ware kuɗin mota. Allura ɗaya ko biyu ba ta isa kāriya ba.

Ta huɗu ce aka fi mantawa, don wata takwas ne tsakaninta da ta uku. Ƙarfin rigakafin yana raguwa, ita ce ke farfaɗo da shi. A haɗa ta da allurar ƙyanda ta biyu, ita ma a wata 15 ake yin ta. In ranar ta wuce, a je hakanan. Ba a sake farawa daga farko.

Jikin yaro kan yi zafi kwana ɗaya ko biyu, wurin allurar ya ɗan kumbura. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi farasitamol gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. In ya yi jijjiga ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti nan take.

Wani yaron zai yi zazzaɓin ko da an yi masa allurar, sai maƙwabta su ce ba ta aiki. Allurar tana rage yawan kamuwa da tsananin ciwon ne, ba ta hana shi ɗungurungum. Don haka gidan sauro yana nan, haka ma maganin da ake rabawa gida-gida da damina.

Aikin aji: Kowa ya zo da katin rigakafin ɗansa. Nemo ranar haihuwa, ka lissafa watan da zai cika 5, 6, 7 da 15, ka rubuta a littafinka.