Yadda za a ɗebe wa ƙananan yara kewa a lokacin sanyi

Idan sanyi ya kankama aka rufe ƙofofi da tagogi, yaron da ke tsakanin shekara 1 zuwa 3 yakan rasa filin da ya saba guje-guje a ciki, alhali kuzarinsa yana nan yadda yake. Rigima da kukan banza da ake fama da su a wannan lokaci sukan taso daga nan. Saboda haka ya kamata mai kula da yaro ya sa motsa jiki a farkon tsarin yini, wasannin zaune kuma su biyo baya. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ba da shawarar yaro mai shekara 1 zuwa 2 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a rarrabe cikin yini, kuma kada a bar shi ɗaure a kujera, ko a keken turawa, ko goye a baya fiye da awa ɗaya a jere.

Awa uku a cikin ɗaki tana da wuyar cikawa a ido, amma tana samuwa idan aka gutsuttsura ta. A janye tebur da duk abin da ke da kaifin baki, a jera matasan kai a ƙasa domin yaro ya riƙa tsallakewa, a buɗe babban kwali ta ɓangare biyu ya zama rami da zai bi da rarrafe, sannan a ajiye bokiti a ƙarshe ya jefa dunƙulallen safa a ciki. Yaro ɗan shekara 2 zai iya zagaya wannan hanya sau da yawa ba tare da ya gundura ba, domin maimaici a wurinsa shi ne daɗin wasan, ko da yake babba yakan gaji da kallo tun a zagaye na uku. Idan ya fara gajiya da wasan, canji kaɗan ya isa: a ce ya bi hanyar da baya da baya, ko ya yi tsalle irin na kwaɗo. Rawa da tafi ma suna yin wannan aiki, musamman idan ana tsayar da kiɗan ba zato ana cewa kowa ya daskare a inda yake.

Bayan ya yi gumi ne zai yarda ya zauna. A nan ba sayen sababbin kayan wasa ake bukata ba. A raba waɗanda ake da su kashi biyu ko uku, a ɓoye saura, a riƙa musanyawa duk mako, domin abin da ya ɓace wa yaro na 'yan kwanaki sabo yake dawo masa. Ana iya kwaɓa masa ƙullun wasa da kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri da kimanin kofi 1 na ruwa, ya mulmula ya yanka da murfin kwalba, sai dai a sa ido kada ya ci saboda yawan gishirin. Roba mai ruwan ɗumi da kofuna biyu da mazurari kan riƙe hankalinsa fiye da abin wasa mai tsada, amma babba ya kasance kusa da shi har a zubar da ruwan, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro, kuma a sauya masa jiƙaƙƙun tufafi nan take. Littafi mai hotuna da ƙananan ayyukan gida, irin su haɗa safa da 'yar uwarta ko goge tebur, suna cike sauran lokacin.

Sanyi bai hana fita ba matuƙar bai tsananta ba. Mura ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, kuma sun fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso. A zaɓi tsakar rana, a sa wa yaro tufafi marasa kauri ɗaya bisa ɗaya, a ƙara masa ɗaya a kan abin da babba ya sa, a rufe kai da hannuwa da ƙafafu, tun da jikin yaro ya fi na babba saurin rasa ɗumi. Da zarar ya fara karkarwa ko ya yi lakwas, a koma ciki.

Game da waya da talabijin, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a zaunar da ɗan shekara 1 a gabansu ba ko kaɗan, ɗan shekara 2 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. A ganina, gara a ajiye wannan awar don lokacin da hannun mai reno ya cika da aiki, a kuma nisanta ta da lokacin barci.

Ɗakin da ya zama filin wasa yana bukatar dubawa. A kange na'urar ɗumama ɗaki yadda yaro ba zai kai gare ta ba, kuma kada a kunna gawayi ko wata wuta a rufaffen ɗaki, domin iskar kabon monoksaid da take fitarwa ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar takardar bayan gida zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba, ƙananan batura masu kama da maɓalli kuwa suna ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i idan aka haɗiye su, don haka a tabbata murfin batirin kowane abin wasa a ɗaure yake da ƙusa.