Kada a bar ƙararrawar makaranta ta tafi jari-bola

Jama'a, in makarantar ƙauyenku tana da tsohuwar ƙararrawa ta zamanin En'e, ko ta lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, ku leƙa ta. In ta tagulla ce, ruwan lemun tsami da ɗan gishiri sun isa: a goge da tsumma, a ɗauraye, a shanya sosai. Kada a kankare ta da yashi. In ta tsage, kada a kai wa mai walda, da wuya muryarta ta dawo. Wadda kuwa guntun ƙarfen dogo ce a rataye jikin darbejiya, a goge tsatsar a shafa mai kafin damina. A ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, don 'yan gwangwan ba sa barci. Sannan a tambayi dattawa shekarar da aka kawo ta, hedimasta ya rubuta.