Baƙo Mai Saukar Baƙi: Shawara ga Ɗalibanmu Sababbin Zuwa Amurka

Tun da na dawo Kano daga karatu a Amurka, kusan duk yaron da ya samu gurbin karatu a unguwarmu sai iyayensa sun turo shi wurina, kuma tambayoyinsa ba sa wuce rigar sanyi da kuɗin haya da inda ake sayar da naman halal. Ina amsawa gwargwadon sanina, amma shawarar da na fi so a riƙe ita ce wadda ba a tambaye ni ba. Ƙanena, idan ƙafarka ta tsaya, ka nemi ƙungiyar da ke tsugunar da 'yan gudun hijira a garin da ka sauka, ka yi horon sanin makamar aiki a sashen da ke haɗa masu aikin sa kai da iyalai. Ni dai ban san garin da na zauna ba sai da na fara nuna wa wasu hanyoyinsa.

Ya kamata ka san mutanen da za ka tarar. Yawancinsu Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta miƙa sunayensu don a tsugunar da su a wata ƙasa, kuma a duk shekara waɗanda ke samun wannan dama ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba. Da yawansu sun yi shekaru a sansanonin Kakuma da Dadaab na Kenya, ko a gabashin Chadi, wasu ma a can aka haife su. Dokar da Amurka ta yi a 1980 ce ta kafa tsarin karɓarsu, ƙungiyoyi irin su International Rescue Committee da Church World Service da HIAS kuma su ne suka daɗe suna tarbar su a filin jirgi, su kama masu gida, su sa yara a makaranta, cikin kwana 90 na farko. Kwana 90 ba ya isar mutum ya koyi ƙasa, shi ya sa ake haɗa iyali da mai aikin sa kai da zai riƙa ziyartarsu, galibi sau ɗaya a mako na tsawon watanni. Aikin ɗan horo shi ne ya taimaka wajen tantance masu sa kan, ya raka su ziyarar farko, ya rubuta rahoto, ya kuma cike gurbin wanda bai samu zuwa ba. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da shirin shigo da 'yan gudun hijira, amma iyalan da suka riga suka iso suna nan, kuma buƙatarsu ba ta tafi ko'ina ba.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka. Mai bizar ɗalibai ta F-1 yakan buƙaci izinin yin horon aiki da ake kira CPT, wanda ake rubutawa a takardar I-20 da jami'a ke ba ɗalibin ƙasar waje, kuma yawanci sai ya cika shekara guda yana karatu. Kada ka ɗauka cewa tun da ba a biyan ka albashi to babu ruwan doka da kai. Ƙungiyar kuma za ta binciki tarihinka kafin ta bar ka ka shiga gidan da akwai yara, kuma kowa haka ake yi masa.

Ziyarata ta farko gidan wasu 'yan Sudan ce. Bayan an gama gaisawa an kawo shayi, sai maigidan ya tashi ya ɗauko wata leda cike da wasiƙu da ba a buɗe ba, ya zazzage su a kan darduma. Tsoron buɗe su yake yi, yana kuma tsoron zubar da su. Muka zauna muna warewa ɗaya bayan ɗaya: wannan tallar katin bashi ce, wannan takardar wuta ce, wannan daga makarantar yara take ana neman shaidar rigakafi. A can ƙasa muka tarar da takardar bashin kuɗin jirgi, domin ɗan gudun hijirar da aka kawo Amurka rance aka ba shi na tikitinsa ta hannun hukumar kula da ƙaura ta duniya, wato IOM, ba ruwa a kansa, amma sai ya biya. Rabin abin da na bayyana masa a ranar ni ma a wurin na fara fahimtarsa. Ina cikin waya da wani abokina da Hausa sai tsohuwar gidan ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, kai ɗan ina ne?" Ashe kakanninta Hausawa ne da suka yada zango a Sudan a hanyar Makka, irin mutanen garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu. Daga ranar Iya nake kiran ta, ita kuma ba ta taɓa barina na fita ban ci wani abu ba.

Mu Kanawa mun gaji saukar baƙi, tun zamanin da fatake ke sauka wurin fatoma ya ba su masauki ya tsaya masu a ciniki, har zuwa shekarun da mutanen Borno da Yobe suka shigo mana saboda rikicin Boko Haram. Wannan gadon zai taimake ka, amma a wuri guda zai iya kai ka ga kuskure, kamar yadda ya kai ni. Wata rana na ga kuɗin hayar maigidan bai cika ba, sai na cika masa daga aljihuna ban gaya wa kowa ba. Da shugabar sashenmu ta ji, ta zaunar da ni ta nuna mini cewa na rufe matsalar da ya kamata jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsu ya sani, ga shi kuma na mayar da dattijo mai jin nauyina. Ta yi gaskiya, domin ya yi makonni yana sunkuyar da kai idan na shigo. Ƙa'idar aikin ita ce ka yi tare da su, kada ka yi masu. Idan za a kira asibiti, ka miƙa masa wayar ka zauna kusa. Idan za a koyi hanyar bas, ku hau tare sau biyu, a na uku ka bar shi ya ja gaba ko da za ku wuce tasha.

Sirrinsu amana ce. Kada ka ɗauki hotonsu ka sa a Facebook ko a zauren WhatsApp na dangi, kada kuma ka tambayi abin da ya raba su da gida sai in su suka ɗauko zancen. Wasu ƙungiyoyin na coci ne, amma ba a yarda ma'aikaci ya yi wa iyali wa'azi ba, kuma wannan hani ya hau kanka kai ma idan aka haɗa ka da Kiristocin Kwango.

Abu mafi nauyi shi ne maganar yara. Dukan da ya bar tabo, ko barin ƙananan yara su kaɗai a gida, na iya jawo hukumar kare yara, kuma ƙungiyar za ta wajabta maka kai rahoton abin da ka gani. Saboda haka ka faɗa wa iyaye wannan tun a ziyarar farko, cikin ladabi, a gaban tafinta idan harshenku bai zo ɗaya ba, ka kuma rubuta masu lambar kiran gaggawa ta 911 da adireshin gidansu da manyan baƙaƙe ka manna a jikin firji.