Yadda ake maida wajen fakin motoci na jami'a ya zama tashar sola

Duk jami'ar da ka shiga akwai wani katon fili da ba abin da yake yi sai dai motoci su wuni a rana suna gasuwa. To a jami'ar Michigan State ta Amurka wannan filin suka rufe da rumfunan sola, aikin ya kammala a ƙarshen 2017, ya rufe gurbin mota wajen 5,000 da fanel kusan 40,000, yana ba da wuta kamar megawat 10. Mota ta samu inuwa, makaranta ta samu wuta, kuma ba a taɓa ko taku ɗaya na sabon fili ba.

Abu na farko, kar a fara da siyan kaya. A ɗauko takardun bil na wuta da lissafin man janareto na shekara guda a duba, wane lokaci makaranta ta fi shan wuta? Yawanci da rana ne, lokacin lacca da ofis da AC, wato daidai lokacin da sola ke aiki kenan, shi yasa ba dole sai an tara batir mai yawa ba in dai rana kawai ake so a rage.

Sai a ƙirga guraben motoci. Gurbi ɗaya yakan ɗauki kamar kilowat 2, kaga in akwai gurbi 500 an doshi megawat ɗaya. A zaɓi filin da ba bishiya ko dogon bene da zai jefa masa inuwa, kuma wanda ke kusa da tiransfoma, don waya mai kauri tsada gareta in ta yi nisa.

Inda kuɗi ke nutsewa fa ba fanel bane, ƙarfe ne da kankare. Rumfa ce mai faɗi, iska tana shiga ta ƙarƙashinta ta ɗaga, saboda haka sai injiniya ya gwada ƙasar ya faɗi zurfin ramin ginshiƙi, ba wai mai walda ya auna da ido ba. Wanda ya taɓa ganin yadda iskar farkon damina ke yaye kwano ya san abin da nake nufi. Tsayi ma a kula, a Michigan ƙafa 14 suka bari don manyan motoci da masu kwashe dusar ƙanƙara su wuce, mu nan bas ɗin ɗalibai da tankar ruwa za a tuna. Ginshiƙan a sa su a kan layin da ke raba motoci, a ɗaura musu kankare a gindi don akwai masu koyon tuƙi.

Fanel ya fuskanci kudu, a karkata shi kaɗan, a wajenmu digiri 10 zuwa 15 ya isa, ruwa ya gangara. Sai a haƙa rami a binne wayoyi cikin bututu har zuwa inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin wadda ake amfani da ita a gini, a sa kariyar tsawa, a haɗa da layin makaranta. A yi aikin lokacin hutu, fili-fili, kar a rufe duka rana ɗaya.

Maganar kuɗi kuma, Michigan State ba ta siyi rumfunan ba, kamfani ne ya gina da kuɗinsa ita kuma tana siyan wutar a yarjejeniyar shekara 25. Namu kamar na BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019 gwamnati ce ta yi, kuma a ƙasa aka shimfiɗa. Ko ma wacce hanya aka bi a rubuta a takarda wa zai dinga wanke fanel, da wane ruwa, sau nawa a wata, musamman in hazo ya sauko.