Yadda mai kamfanin haƙar yashi da tsakuwa a Legas zai zauna lafiya da jama'a, ma'aikata da muhalli

Gini ba ya tsayawa a Legas, kuma kowane gini yashi da tsakuwa yake ci. Yashin ana zuƙo shi daga ruwan da ya kewaye garin, a wurare irin su Ikorodu, Ajah, Epe da Badagry, tsakuwa kuwa mafi yawanta daga jihar Ogun take shigowa. Hausawa da dama na Agege, Mile 12 da Idi-Araba da tifa suka fara, yanzu wasunsu na neman su mallaki wurin haƙar da kansu. Idan kana cikinsu, ka sani cewa lasisi izinin haƙa kawai yake ba ka, zaman lafiyar da aikin zai ɗore a kansa kuwa kai ne za ka nemo shi.

Ka fara da takardu. Duk ma'adinin da ke Najeriya mallakin Gwamnatin Tarayya ne, kuma a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007 ofishin rajistar lasisi da ke Abuja ne ke ba da izini. Fili kuwa, bisa dokar filaye ta 1978, yana hannun gwamnan jiha, sannan idan a cikin ruwa za ka yi aiki, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya (NIWA) da gwamnatin Legas duk suna da ta cewa. Ka ɗauki lauya da ya san fannin.

Abin da ya fi cin lokaci, wanda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne yarjejeniya da mutanen wurin. Dokar 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin ya fara aiki, a kuma riƙa sake duba ta duk shekara 5. Ka nemi Sarkin Hausawan yankin ya gabatar da kai, domin da ɗan gari akan ci gari, amma kada ka ɗauka gaisuwarsa ta wadatar. Waɗanda za ka zauna da su su ne Oba ko Baale, wato sarki ko dagacin Yarbawan wurin, da iyalan da filin ya zamo gadonsu, da ƙungiyar ci gaban unguwa, da shugabannin matasa. Akwai wasu da ba a cika kira ba alhali su aikin zai fi taɓawa, wato masunta da matan da ke kyafa kifi suna sayarwa. Ka tabbata sun zo, kuma ka kawo tafintan Yarbanci wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi.

A wajen rubutu, ka guji alkawarin baka irin na "za mu taimaka wa gari". Idan rijiyar burtsatse ce, a rubuta unguwar da za a haƙa ta, da watan da za a gama, da wanda zai sayi man janareta, da wanda zai gyara famfo in ya lalace, domin burtsatsen da ba a ce ga mai kula da shi ba yakan mutu ya bar wa kamfani baƙin jini. A rubuta sa'o'in da tifa za ta bi ta cikin gari, a hana ta wucewa lokacin tashin 'yan makaranta, a faɗi sau nawa motar ruwa za ta jiƙa hanya da rani. Kuɗin al'umma su shiga asusun banki mai sa hannun mutane da yawa. A ganina babu abin da ya fi saurin rufe wurin haƙa kamar ambulan da aka miƙa wa mutum ɗaya a ɓoye, don ranar da maganar ta fito, matasa ba shi za su tare wa hanya ba, motocinka za su tare. Ka kuma ware ma'aikaci guda da kowa ya san lambarsa, da littafin da zai rubuta kowane koke da ranar da aka amsa shi.

Sai ma'aikata. Yana da daɗi mutum ya cika wuri da 'yan garinsu, amma kamfanin da babu ɗan unguwa ko ɗaya a cikinsa ba shi da mai kare shi ranar rigima. Ka ware wa matasan wurin gurabe, ka kuma buɗe wa kowa hanyar ci gaba, ta yadda lebura zai iya zama yaron mota, yaron mota ya zama direba ko mai tuƙa katafila da shaidar horo a hannunsa. Kowace safiya, kafin a tada inji, shugaban aiki ya tara mutane na 'yan mintuna ya bi haɗarin ranar da Hausa, da Yarbanci, da Turancin buroka. Kowa a kan jirgin zuƙar yashi ya sa rigar hana nutsewa, har wanda ke taƙama da iya iyo. A wurin fasa dutse kuwa, ƙurar da ba a gani ita ce ke taruwa a huhu ta jawo ciwon da ba ya warkewa, kuma hankicin da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. Ana bukatar takunkumi mai matata, da kuma yayyafa ruwa a bakin injin niƙa. Nakiya sai mai lasisinta zai taɓa. Ka yi wa ma'aikatanka rajista da NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, wadda dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a biya ta kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ka kuma nemi ITF, hukumar asusun horar da ma'aikata, game da horarwa.

Game da muhalli, dokar 1992 ta sa a auna illar babban aiki kafin a fara shi, dokar ma'adinai kuma tana neman tsarin gyara wuri bayan an gama. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Jos har yau suna nan, kuma gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ta samo asali ne daga niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Wanda ke shirin kai jarin Legas haƙar zinariya a Arewa ya riƙe wannan da kyau.

A nan Legas, ka nisanta injin zuƙa daga gaɓa, daga ƙafafun gada, da kuma inda masunta suka ce kifi na ƙwai, domin ramin da aka yi kusa da gaɓa yana jawo zaizayar da ke cin gidaje. Baƙin mai a tara shi a duro, kada ya shiga ruwa. A tudu kuwa, a kwashe ƙasar sama a jibge ta gefe don mayarwa. Tun kafin farawa, ka ɗauki hotunan gaɓa da bangon gidajen kusa, ka sa a gwada ruwan rijiyoyi a gaban wakilan gari, saboda su ne hujjarka idan jami'an hukumar kare muhalli ta jihar Legas (LASEPA) ko ta tarayya (NESREA) suka zo da ƙorafi. Daga tifar farko ka riƙa cire wani abu zuwa asusun gyara. Idan yashi ya ƙare, a cike rami ko a sassauta gangarensa, a shimfiɗa ƙasar da aka ajiye, a dasa itatuwa, sannan wakilan gari da jami'in ma'aikatar ma'adinai su zagaya wurin su sa hannu kafin ka janye injinan.